Waiwaye: Kankaren da ke kumbura daga ciki

Tun da aka fara rufe tashoshin lantarki masu ƙona kwal a Turai da Arewacin Amurka, injiniyoyin gada da madatsun ruwa suke ta ja-in-ja. Tokar kwal ɗin da ake cakuɗawa da siminti don hana kankare tsagewa tana neman yin wuya. Me za a zuba a madadinta, kuma wane gwaji ne zai tabbatar sabon haɗin zai riƙe? Mai sauraro zai ɗauka rigimar jiya ta fara, alhali ta haura shekara 80.

A 1940 Thomas Stanton, injiniyan hanyoyi a Kalifoniya, ya gano abin da ke farfasa titunansu. Alkali na cikin siminti (ba na kotu ba, sinadari ne dangin kanwa) yana cin silika, wani sinadarin da ke cikin wasu duwatsun da ake zubawa a kankare, su haifi wani abu mai yauƙi kamar ƙaro. Da ya sha ruwa sai ya kumbura, fuskar kankare ta tsattsage kamar laka a busasshen tafki. Aka rage alkalin siminti zuwa kashi 0.6 cikin ɗari, aka fito da gwajin auna kumburin ƴan sandunan siminti da yashi a zafin digiri 38. A 1986 masu bincike a Afirka ta Kudu suka kawo mai sauri: a jiƙa sanda a ruwan sodar haɗa sabulu mai zafin digiri 80, mako biyu a sami amsa.

Abin da ba a cika tunawa da shi ba ya faru ne a cikin kwanon gwajin farkon, mai digiri 38. Ana jera sandunan a rufaffen kwano, ruwa a ƙasa, jikin kwanon an liƙa masa takarda mai tsotsar ruwa don iska ta yi laima. Raɓa sai ta taru a jikin sanda, ta gangara, ta tafi da alkalin zuwa gindin kwano. Wato gwajin yana wanke cutar da aka sa shi ya nemo. Masu bincike a Kanada sun nuna haka a 1991: dutsen da aka san ya lalata gine-gine yana iya fitowa daga irin wannan kwano da shaidar lafiya. Ko gwajin shekara guda na ƙananan ginshiƙan kankare, mai iyakar kumburi kashi 0.04 cikin ɗari, bai tsira daga wannan zurarewa ba.

A 1991 ɗin ne kuma aka fara zuba manyan tubalan kankare a fili a Ottawa da Kingston na Kanada, aka bar su ga ruwa da rana da ƙanƙara. Jami'ar Texas da ke Austin ta bi sahu a 2001. Aikin ba shi da armashi: a dasa ƙusoshin ƙarfe a jikin tubali, a riƙa zuwa ana auna tazararsu, shekara bayan shekara. Wa zai tsayar da kwangila yana jiran wannan? A ganina nan gizo ke saƙar, domin an fi son amsar da za ta iso kafin motar kankare.

Tubalan dai sun yi magana. Wasu haɗe-haɗen masu tokar kwal da suka ci gwajin shekara biyu a ɗaki, sai da suka kai wajen shekara goma a waje sannan suka soma tsagewa. Gasasshen yumɓu da niƙaƙƙen gilashi da ake ta yabo yanzu a madadin tokar kwal, yawancin tubalansu ba su kai wannan shekarun a rana ba tukuna.