Me ke jan mutane zuwa finafinan Koriya da Japan masu sa kuka?

Duk wanda ya taɓa zama kusa da mai kallon fim ɗin Koriya mai dogon zango ya san yanayin. Waya a hannu, idanu sun yi jajir, ana share hawaye da gefen mayafi, amma kashi ɗaya na ƙarewa sai a danna na gaba. Ni ma ina cikin masu wannan kallo, kuma ga tambayoyin da aka fi yi mini a kai.

Waɗanne finafinai ake nufi?

Wasannin talabijin ne na Koriya ta Kudu da Japan waɗanda aka gina kan rabuwa, rashin lafiya, talauci da soyayyar da ba ta kai ga aure ba. Misalin da ya fi fito da siffarsu shi ne Autumn in My Heart, wanda tashar KBS ta nuna a 2000. An yi musayar jarirai biyu mata a asibiti. Ɗaya ta tashi a gidan masu hali tare da yaron da take ɗauka yayanta ne, har ranar da ta yi haɗari, gwajin jini ya tona asiri, aka mayar da ita wurin mahaifiyarta matalauciya. Bayan shekaru ita da yaron nan suka sake haɗuwa, soyayya ta shiga tsakaninsu, sai ga sankarar jini. Ta cika ne yana goye da ita a bakin teku.

Mutum da hankalinsa, me zai sa ya nemi abin da zai sa shi kuka?

Hausawa sun riga sun ba da amsa: sabo ake yi wa kuka. Fim ɗin sinima na awa biyu ba ya ba ka lokacin sabawa da kowa. Wasan Koriya kuwa yakan kai kashi 16 ko 20, kowanne kusan awa guda. Kafin ciwon ya bayyana ka riga ka san yadda jarumar take dariya, ka san abincin da take so, ka ga ranar da uwarta ta yi mata faɗa, ka ga ɗakin da take kwana. Idan ta kwanta ciwo a kashi na 13, ba baƙuwa ce ta kwanta ba. A ganina nan ne asirin yake, ba a mutuwar kanta ba. Marubucin da ya iya aikinsa yakan ɓata rabin labarin wajen sa ka ƙaunaci mutanen, sauran rabin kuma ya karɓe su daga hannunka a hankali.

Akwai kuma abin da ke faruwa a jiki. A 2016 masu bincike a Jami'ar Oxford, ciki har da Robin Dunbar, sun nuna wa wasu mutane fim mai ban tausayi, wasu kuma aka nuna musu shirin da ba ya motsa zuciya. Waɗanda suka kalli mai ban tausayin sun ƙara jure wahalar wani gwajin jiki bayan kallon, sun kuma ji sun fi kusanci da waɗanda suka yi kallon tare. Wannan ya yi daidai da abin da masu kallo ke faɗa da bakinsu, wato bayan kukan sai su ji kamar an sauke musu kaya daga ƙirji. Wani yana da nasa baƙin cikin da ya daɗe yana haɗiyewa, bai samu ƙofar fitar da shi ba sai a kan labarin wani.

To ai finafinan Amurka ma ana mutuwa a cikinsu. Mene ne bambancin?

Kawaici. A waɗannan wasanni abin da ya fi ciwo shi ne wanda ba a furta ba. Uwa ba za ta ce wa ɗanta tana son sa ba, sai dai ta cire ƙayar kifi ta ɗora masa tsokar a kan cokalin shinkafarsa. A Koriya tambayar "ka ci abinci?" gaisuwa ce, kuma sau da yawa ita ce ke ɗauke da duk maganar da baki ya kasa faɗa. Mara lafiya kan ɓoye ciwonsa don kada ya ɗora wa masoyinsa nauyi, mai kallo ya sani, masoyin bai sani ba, kuma wannan sanin shi ke cin rai.

Dubi Oshin, wasan Japan da tashar NHK ta nuna daga 1983 zuwa 1984, kashi 297, kowanne minti 15. Yarinya ce 'yar shekara bakwai daga gidan manoma matalauta a yankin Yamagata, aka tura ta aikatau a madadin buhun shinkafa. An ɗora ta a kan kwale-kwalen gungume cikin tsananin sanyi, tana kiran uwarta da ke tsaye a bakin kogi. Can sai ta hango mahaifinta, mutumin nan mai zafin rai da ya yanke shawarar tura ta, yana bin gaɓar kogin da gudu cikin ƙanƙara, har ya durƙushe yana kuka. A nan ta gane ba ƙiyayya ce ta sa ya rabu da ita ba, babu ce. An nuna wasan a ƙasashe fiye da 60. A Iran har shagunan gwanjo ake kira Tanakura, daga Tanokura, sunan gidan mijin Oshin.

Daga ina Koriyawa suka samo wannan yawan baƙin ciki a labaransu?

Daga tarihinsu. Japan ta mulke su daga 1910 zuwa 1945, sannan yaƙin 1950 zuwa 1953 ya bar ƙasar a rabe, ya raba iyaye da 'ya'ya, wa da ƙani. Suna da kalmar han, wadda ke nufin baƙin cikin da ya taru ya kwanta a zuciya ba tare da an samu hanyar rama shi ko manta shi ba.

Abin da ya fi taɓa ni a wannan tarihi ya faru ne ranar 30 ga Yunin 1983. KBS ta fara wani shiri kai tsaye na neman dangin da yaƙi ya tarwatsa. An tsara shi gajere, amma jama'a suka yi cincirindo a harabar tashar a Seoul, kowa riƙe da kwali da sunan wanda yake nema da alamar da za a gane shi, suka lulluɓe bangon ginin da takardu. Shirin ya ɗauki kwana 138, sama da awa 453, aka haɗa iyalai fiye da 10,000. Mutane sun ga dattijo yana tambayar wata mata tabon da ke jikinta, ta amsa, su rungume juna suna kururuwa a gaban kyamara. Hukumar UNESCO ta sanya kundin shirin cikin taskar tarihin duniya a 2015. Don haka idan wasan Koriya ya kawo labarin ɗan da ya ɓace ya dawo bayan shekara ashirin, masu kallonsa na farko ba su ɗauke shi tatsuniya ba.

Yaya aka yi suka fita duniya?

Bayan durƙushewar tattalin arzikin Asiya a 1997, gwamnatin shugaban Koriya ta Kudu na lokacin, Kim Dae-jung, ta ɗauki harkar fim da waƙa a matsayin hajar fitarwa. Wasan Koriya mai suna Winter Sonata na 2002 ya isa Japan a 2003, kuma a 2004 dubban mata suka cika filin jirgin sama a Tokyo don tarbar jaruminsa, Bae Yong-joon. Daga baya faifan DVD, sannan intanet, suka ƙarasa aikin.

Me ya sa suke shiga ran Bahaushe?

Ƙofar a buɗe take tun da daɗewa. Gidajen sinima na Kano da sauran biranen Arewa sun shafe shekaru masu yawa suna nuna finafinan Indiya, har aka zo zamanin fassarar Indiya-Hausa. Mun saba da labarin da iyaye ke da ta cewa a kan aure, da saurayi ke haƙura da budurwa don biyayya, da kunya ke hana a bayyana abin da ke zuci. Wanda ya tashi a gidan da uwa ba ta kiran sunan ɗan farinta ba ya bukatar a yi masa bayanin soyayyar da ake ɓoyewa.

Amma ba wasa da hankalin mutane ba ne? Kullum sankara, haɗarin mota, gushewar tunani.

Akwai gaskiya a wannan suka, kuma Koriyawa da kansu suna yin ta. Suna kiran wasan da ya wuce gona da iri makjang. Idan marubuci ya rasa inda zai kai labari ya aiko da babbar mota ta banke jarumi, raina yakan ɓaci, domin ya karɓi hawayen da bai yi wa aiki ba.

Sai dai ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. 1 Litre of Tears, wanda Fuji TV ta nuna a 2005 cikin kashi 11, an ɗauko shi ne daga littafin da wata yarinya Bajapaniya, Aya Kito, ta riƙa rubuta abin da ke faruwa da ita kullum. Tana shekara 15 aka gano tana da ciwon da ke lalata sashen ƙwaƙwalwa mai kula da motsin jiki. Tafiya ta gagare ta, magana ta sarƙe, daga bisani riƙe alƙalami ma ya gagara, alhali hankalinta garau yake, tana sane da duk abin da take rasawa. Ta rasu a 1988 tana da shekara 25. A ƙarshen kowane kashi ana nuna hotunanta na gaskiya tare da layuka daga abin da ta rubuta da hannunta.