Fitowar jijiyoyin zuciya daga wurin da bai dace ba

Wannan nakasa ce da ake haifar mutum da ita. Zuciya ita ma tana buƙatar jini, jijiyoyi biyu ke kai mata, ta dama da ta hagu, duka suna fitowa daga gindin babbar jijiya awota. In ɗaya ta tsiro daga wani wuri daban, to ita ce nakasar. Ana ganinta a kusan mutum 1 cikin 100, yawanci kuma ba ta komai.

Tarihi

Tun wajajen 1885 wani likita a Dublin, Brooks, ya rubuta irinta daga binciken gawa, amma sai 1933 ne likitoci uku a Boston ta Amurka, Bland da White da Garland, suka haɗa alamomin da sanadin, bayan wani jariri ɗan wata 3 ya rasu aka tarar jijiyarsa ta hagu daga jijiyar huhu (wadda ke kai jini huhu) ta fito, shi ya sa har yau ake kiran wannan nau'in ciwon da sunansu. A 1979 Takeuchi na Japan ya fito da wata dabarar tiyata.

Ire-irenta

Ta hagu mai fitowa daga jijiyar huhu ita ce mafi muni, kusan haihuwa 1 cikin 300,000. Jariri na cikin mahaifa lafiya lau, sai bayan haihuwa ƙarfin jinin huhu ya sauka, jini ya koma gudu baya, zuciya ta rasa oksijin. Yaro sai zufa da kuka lokacin shan nono, ba wuya uwa a unguwar Nima ko Aboabo a Gana ta ɗauka ciwon ciki ne kawai. In ba tiyata kusan 9 cikin 10 ba sa kai shekara.

Akwai kuma wadda ke ratsa tsakanin awota da jijiyar huhu, tana matsewa in ana gudu, wannan ce ke kada matasa 'yan ƙwallo farat ɗaya. Ko a yi tiyata ga wanda bai da alama, likitoci sun rabu.

Ganowa

Ana gano ta da eko, wato hoton zuciya da na'urar sauti, ko hoton CT. A Gana, cibiyar zuciya ta Korle Bu a Accra, wadda Farfesa Frimpong-Boateng ya kafa wajajen 1989, nan ake tura masu ciwon zuciya da yawa.