Tanghulu

Tanghulu alewa ce ta arewacin ƙasar Sin wadda ake yi da 'ya'yan itace da aka jera a tsinken gora, aka tsoma su cikin dafaffen sukari, sukarin ya daskare a jikinsu ya zama ɓawo siriri mai ƙyalli da ke fashewa ƙaras idan an ciza. Asalinta da wani ɗan itace ake yi mai suna shanja, ja ne, bai kai ƙwallon goruba girma ba, ga tsami mai kama baki. Wannan tsamin shi ke karya zaƙin sukarin. A biranen Beijing da Tianjin abin lokacin sanyi ce: masu talla kan soke tsinkayen a jikin dunƙulen ciyawa da aka ɗaura a kan sanda, su zaga da ita lunguna da kasuwannin bikin sabuwar shekara.

Akwai labarin da ake bayarwa cewa ta samo asali ne a fadar sarki Guangzong na daular Song, wanda ya yi mulki daga 1189 zuwa 1194, lokacin da wani mai magani ya warkar da ƙwarƙwarar sarkin da shanja dafaffe cikin sukari. Labarin baka ne, a haka ya kamata a ɗauke shi. Japan na da irin tata da ake yi da tuffa, kuma a 2023 tanghulu ta yi tashe sosai a Koriya ta Kudu, daga nan bidiyoyin intanet suka kai ta gidajen mutane a ƙasashe da dama.

Kayan haɗi da 'ya'yan itacen da suka dace

Awon da aka fi bi shi ne sukari kashi biyu, ruwa kashi ɗaya. Farin sukari giram 400 da ruwa mililita 200 sun isa tsinke goma zuwa sha biyu, kowanne da 'ya'ya uku ko huɗu. Ana son ƙaramar tukunya mai kaurin gindi, domin sukarin ya taru da zurfi kuma kada ya ƙone ta gefe ɗaya. Sai kwanon ruwan sanyi da tire da aka shafa wa ɗan mai.

Ɗan itacen da ya dace shi ne mai fata a rufe, wanda ba ya tsiyayar ruwa: inibi, sitiroberi, ƙananan tumatir, ɓaren lemon tanjarin da ba a yaga fatarsa ba. Kankana, abarba da yankakken mangwaro ba su yi, domin ruwansu na narkar da ɓawon tun daga ciki cikin 'yan mintuna. Bayan wanki a goge kowane ɗaya, a bar shi ya sha iska har ya bushe sarai. Wanda aka ciro daga firiji a jira ya huce daga sanyin, in ba haka ba zai yi gumi, sukari kuma ba ya kama jiƙaƙƙiyar fata.

Dafa sukarin

A nan aikin yake gaba ɗaya. Dafa sukari korar ruwa ne daga cikinsa: yayin da ruwan ke ƙafewa, zafin abin da ya rage yana hawa. Tsakanin digiri 132 da 143 na ma'aunin salshiyas sukarin na yin zare mai lanƙwasuwa wanda ke manne wa haƙori. Sai ya kai digiri 149 zuwa 154 ne ruwan da ya rage a ciki bai wuce kashi ɗaya cikin ɗari ba, a nan ne yake daskarewa kamar gilashi. Daga 160 zuwa sama ya fara ja, kaɗan ya ƙara sai ƙauri da ɗaci. Tazarar da ke tsakanin daidai da ƙonewa ba ta kai minti biyu ba, don haka a jera komai kusa kafin a kunna wuta.

A zuba ruwan, a zuba sukarin, a ɗora a matsakaiciyar wuta. Da zarar ya tafasa, a cire cokali. Juya shi na sa ƙwayoyin sukarin su sake haɗuwa, sai tukunyar duka ta koma fari, gari-gari, kamar yashi. Ƙwaya ɗaya da ta maƙale a gefen tukunya ta isa ta jawo hakan, shi ya sa ake share gefen da jiƙaƙƙen buroshi, ko a rufe tukunyar minti ɗaya tururi ya wanke shi. Rabin ƙaramin cokali na ruwan lemon tsami na taimakawa, domin tsamin na raba wani ɓangare na sukarin zuwa gulukos da furuktos, wasu nau'o'in sukari biyu waɗanda ke hana ƙwayoyin haɗuwa. Idan ya yi yawa kuma ɓawon zai riƙa danƙo.

Tafasar kan ɗauki minti goma zuwa ashirin, gwargwadon wuta. Kumfar kan fara da manya masu saurin fashewa, daga baya ta koma ƙanana masu kauri, launin ya ɗan karkata zuwa ruwan zuma mai haske. Wanda ba shi da ma'aunin zafi sai ya ɗiga kaɗan a ruwan sanyi, ya ciro bayan daƙiƙa kaɗan: idan ya karye da ƙara, ya yi, idan ya lanƙwashe, da saura. Wannan gwajin ya fi ma'auni aminci a wurare masu tudu, inda ruwa ke tafasa da wuri. A gari kamar Jos, mai tsayin kusan mita 1,200, sai an rage kimanin digiri huɗu daga lissafin.

Tsomawa

A rage wuta can ƙasa, a karkata tukunyar sukarin ya taru gefe, a mirgina tsinken sau ɗaya, daƙiƙa ɗaya ko biyu, a ɗaga a bar rarar ta ɗiga. Wanda ya daɗe a ciki zai dahu ya saki ruwa, wanda aka tsoma sau biyu kuma ɓawonsa zai yi kaurin da zai iya yanka dasashi. Masu sana'ar a Sin kan buga tsinken a kan jiƙaƙƙen katako su ɗan ja shi, sai sukarin ya yi wani faffaɗan fiffike a baya. Wasu kan barbaɗa riɗi tun bai daskare ba. A gida ana iya ajiye shi a tire mai mai, ko a tsoma shi cikin ruwan ƙanƙara na daƙiƙa biyu zuwa uku. Hanya ta biyu ta fi sauri, amma tana barin laima a jiki, don haka ta dace ne kawai da abin da za a ci nan take.

Ajiya da haɗari

Tanghulu ba ta kwana. Daskararren sukari na zuƙar laimar iska, ɗan itacen kuma na sakin ruwa daga ciki, sai ɓawon ya fara naso cikin awa ɗaya ko biyu. Firiji na ƙara ɓata ta saboda raɓar da ke sauka a kanta idan an fito da ita. Busasshen sanyin arewacin Sin shi ya sa ta zama abin hunturu a can, kuma a ƙasar Hausa ma hunturu ya fi damina dacewa da ita nesa ba kusa ba.

Sukari mai digiri 150 ya fi tafasasshen ruwa zafi da nisa, kuma yana manne wa fata yana ci gaba da ƙuna. A 2024 wani asibitin yara a Boston ta Amurka ya yi gargaɗi kan yaran da suka ƙone wajen dafa sukarin a na'urar maikurowef, inda mazubin roba kan narke ko ya kife. Ba aikin yara ba ne. Idan ya zuba a jiki, a tara wurin a ruwa mai sanyi yana gudana har minti ashirin, kada a ɓamɓare sukarin da ƙarfi, a nufi asibiti idan wurin ya yi faɗi ko ya tashi bororo. Tukunyar da sukari ya daskare a ciki kuwa ba ta buƙatar kankara: a cika ta da ruwa a mayar kan wuta, zai narke da kansa.