Waiwaye: Jinyar ciwon daji a Sakkwato, tun kafin hotunan neman agaji

Da wuya mako ya wuce ba a turo maka hoton mai ciwon daji a WhatsApp ko Facebook ba, da lambar asusu a ƙasa, ana roƙon a taimaka don Allah. A Sakkwato maganar har ta zama musu. Wasu na cewa 'yan damfara sun shiga ciki, wasu na ganin tonon asirin marar lafiya ne, wasu kuma sun ɗora komai a kan tsadar rayuwar 'yan shekarun nan. Duk akwai ƙamshin gaskiya, amma wanda ya ce jiya abin ya fara bai waiwaya ba.

Tarihin da aka saba ji gajere ne. A 1960 aka buɗe rajistar masu ciwon daji a Ibadan. Legas ce ta fara samun na'urar gashi, wadda ke ƙona ciwon da wani haske mai ƙarfi, Ibadan da Zariya suka biyo baya. An fitar da tsarin ƙasa na yaƙi da cutar na 2018 zuwa 2022, a 2021 aka soma asusun tallafa wa marasa ƙarfi masu sankarar mama, ta bakin mahaifa da ta furostet (wani sashe da ke ƙarƙashin mafitsarar maza), a 2023 kuma aka fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 rigakafin HPV, ƙwayar cutar da ke haddasa sankarar bakin mahaifa. Ƙiyasin 2022 ya nuna sama da mutum 120,000 ne suka kamu a Najeriya cikin shekarar, kusan 80,000 suka rasu.

Abin da ba a cika tsayawa a kansa ba shi ne zuwan na'urar gashi asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo. Alheri ne babba, kuma rayuka sun tsira ta dalilinsa. Kafin nan, wanda aka ce sai an yi masa gashi, ko ya nufi Zariya ko ya koma gida ya rungumi ƙaddara, mafi yawa kuwa gida suke komawa. Dangi na kewaye, maƙwabta na leƙowa da kunu, liman na zuwa addu'a. Babu magani, amma akwai mutane.

Da na'ura ta zo, sai jinyar ta baro ƙauye ta dawo birni. Gashi ba allura ɗaya ba ce da za a yi a juya. Sau da yawa kwana biyar ake yi a kowane mako, har mako biyar zuwa bakwai, ban da ruwan kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin ciwon, da ake ɗaurawa duk bayan mako uku, ban da gwajin jini kafin kowane zagaye. Mutum daga Tangaza ko Sabon Birni, daga Argungu ko Talata Mafara, ko wanda ya tsallako ta Illela daga Birnin Ƙonni, dole ya nemi wurin kwana da abin kaiwa baki da kuɗin keke Napep kullum. Dole kuma wani lafiyayye ya ajiye sana'arsa ya biyo shi. Manomin fadamar Rima da tsargiyar ƙuruciya ta rikiɗe masa ta zama sankarar mafitsara, idan jinya ta faɗo lokacin noman rani, albasa da shinkafar shekarar sun tafi, su ne kuwa kuɗin maganin.

A nan ne, a ganina, muka yi sake, mu duka. Mun ƙirga na'ura da likita da magani, sauran muka ce ai akwai dangi. Mun manta dangin suna can nisan tafiyar awa uku, wanda ya rage a gefen gado mace ɗaya ce da tabarma da buta. Zumunci a ƙafa yake, to ƙafar ce ta yi nisa.

Masana jinya sun daɗe da gane cewa raɗaɗin mai wannan ciwo ya haɗa jiki da zuciya da aljihu da iyali. A 2014 babban taron lafiya na duniya ya amince cewa kulawar sauƙaƙa raɗaɗi ɓangare ce ta kiwon lafiya. Har akwai ma'auni mai sauƙi, daga 0 zuwa 10, da ake nuna wa marar lafiya ya faɗi inda damuwarsa ta kai, sannan a bi da tambaya: kuɗi ne, barci ne, yara ne, ko tsoro? Wannan bai buƙatar wutar lantarki. Zama kawai yake buƙata da kunne.

Ni kaina a gidanmu na koyi haka. Goggona ta zo daga ƙauye da ciwon mama, ta yi mako bakwai a ɗakin mahaifiyata. Muna ta fafutukar haɗa kuɗi, kullum tambayarmu ɗaya ce, ta sha magani? Na lura ta daina fitowa tsakar gida, turaren wuta ba ya mutuwa a ɗakin, jikokinta in sun shigo sai ta kore su. Sai a mako na biyar na durƙusa gabanta na ce, "Goggo, don Allah mi ad damuwarku?"

Ta daɗe ba ta tanka ba. Can ta ce, "Ɗana, ciwon na Allah na. Warin ga ne ka hana min sakewa, kunya nika ji yaran ga su matso ni."

Washegari na faɗa wa ma'aikaciyar jinya mai wanke mata gyambon. Ta ce ai da sauƙi, akwai maganin da ake barbaɗawa a wurin yana kashe wari, kuɗinsa bai kai na cefanen yini ba. Cikin kwana uku Goggo ta sa aka fitar da kaskon turaren, ta kira ƙaramar jikarta suka ci tuwo a kwano ɗaya.