"Tawalli yaumaz zahfi": wa ya gudu, wa ya ƙi?

Tun da Janar Burhan, shugaban sojan Sudan da ke yaƙi da dakarun Da'amus Sari (RSF), ya yi kiran istinfar, wato gayyar yaƙi, a watan Yunin 2023, cewa duk matashi mai jini a jika ya nufi barikin da ke kusa da shi, wata kalma ta baro littattafan fiƙihu ta shiga kasuwa. Ana jin ta a mumbari, ana jin ta a talabijin, a zaurukan WhatsApp na mutanen garuruwan Gadarif da Mai Wurno ma ba ta rasa mai jefa ta. Saurayi ya tsallaka Masar, an ce ya yi tawalli yaumaz zahfi, wato ya ba da baya a ranar yaƙi. Wani ya rubuta "la lil harb", wato ba ma son yaƙi, a Facebook, tawalli. Har wanda ya tsaya a takiyyar unguwa, inda ake dafa wa jama'a abinci kyauta, yana tuƙa tukunyar waken adas tun asuba bai tsira ba.

Wannan ba kalmar wasa ba ce. A hadisin Abu Huraira da Buhari da Muslim suka kawo, tana cikin zunubai bakwai masu halakarwa, sahu ɗaya da shirka da sihiri da cin dukiyar maraya. Kafin a liƙa wa ɗan mutane ita, ya kamata a san me take nufi.

Zahf a Larabci rarrafe ne, irin na jariri. Runduna in ta yi yawa, mai hangen ta daga nesa sai ya ga kamar ba tafiya take ba, jan ciki take, shi ya sa aka ba ta sunan. Ke nan "ranar zahf" rana ce takamaimai: an ja daga, maƙiyi na gabanka, ɗan'uwanka na gefenka ya dogara da kai, sai ka ba da baya. Suratul Anfal, aya ta 15 da 16, a kan haka take magana, kuma ta cire wanda ya juya don dabarar yaƙi da wanda ya koma ya haɗu da wata rundunar. Ayar kafirai ta ambata. Masu goyon bayan soja za su ce ai akwai ayar yaƙar masu tawaye a Hujurat, kuma wanda ya ga abin da Da'amus Sari ta yi a ƙauyukan jihar Jazira bayan faɗuwar birnin Madani a Disambar 2023 ba zai raina wanda ya ɗauki bindiga don kare gidansu ba. Amma wannan wata magana ce daban. Wanda bai taɓa shiga sahu ba, daga wane sahu ya juya?

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne an cusa mutane daban-daban cikin buhu ɗaya. Sojan da ya yar da kaki cikin dare daban, yaron da ya ɓuya don kar a kama shi daban. Akwai kuma na uku, wanda dokokin duniya suka ba halinsa suna, Larabawa na cewa istinkaf damiri: mutumin da zai tsaya gaban hukuma da rana tsaka ya ce zuciyarsa ko addininsa ba su yarda ya kashe rai ba, a yi masa duk hukuncin da za a yi. Wannan bai gudu ba. Da ya gudu ma da ya fi masa sauƙi.

Muhammad Ali da kansa ya kai kansa wurin ɗaukar sojoji a Houston ranar 28 ga Afrilun 1967, aka kira sunansa ya ƙi takowa gaba. Aka ƙwace kambinsa, kotu ta yanke masa shekara 5 da tarar dala 10,000, ya yi fiye da shekara 3 bai hau dandali ba, a lokacin da ƙarfinsa ya kai ƙarfi. Sai a 1971 Kotun Ƙolin Amurka ta soke hukuncin. A kira wannan matsoraci? To, ba sai an je Amurka ba. Bayan garin Kasala na gabashin Sudan kaɗan, a sansanin Sawa na Eritriya, an tsare wasu Shaidun Jehobah uku a 1994 saboda sun ƙi aikin soja, ba a sake su ba sai Disambar 2020. Shekara 26 ba tare da an kai su kotu ba, alhali cewa "na yarda" kawai ta ishe su.

Masu cewa wannan ɗabi'ar Turawa ce su koma tarihinmu. Lokacin fitinar da ta biyo bayan kisan Sayyidina Usman, Sa'ad bin Abi Waƙƙas da Abdullahi bin Umar da Usama bin Zaid da Muhammad bin Maslama duk sun janye hannunsu. Sa'ad fa, wanda ya ja runduna a Ƙadisiyya. Ba wanda ya isa ya ce tsoro ne ya zaunar da shi.

Kwamitin kare haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya ya faɗa tun 1993 cewa wannan ƙin yana da tushe a 'yancin addini da tunani. Dokar aikin ƙasa ta Sudan ta 1992 kuwa ba ta bar masa ƙofa ba. Shi ya sa a nan mai ƙi ba shi da tebur da zai je ya faɗi dalilinsa, dole ya ɓuya ko ya tsallaka iyaka, daga nan kuma a ce ga shi ya gudu. Waɗanda suka yi wayo a zamanin kasha, wato kamen samari don aikin soja, sun san yadda ake tare bas a sauke samari a wuce da su sansani. A Afrilun 1998, dab da Babbar Sallah, 'yan hidimar dole na sansanin Ailafun, kusa da Khartoum, da aka hana zuwa gida suka fashe suka nufi kogi, da yawansu suka mutu a ruwa. Su kam sun gudu, ba musu. Sai dai babu rundunar maƙiyi a gabansu ranar, masu gadinsu ne a bayansu.