Abubuwan da ake gani a sama ba a gane su ba: ina haɗarin yake ga jirage?

Duk wanda ya zauna a Palladan ko Kwangila ya saba da ƙugin ƙananan jiragen da ke kewaya gari. Na Kwalejin Koyon Tuƙin Jirgin Sama ne, wadda ke Zariya tun 1964. Saboda haka in labarin wani baƙon abu a sama ya yaɗu a Facebook, mu ba hirar dandali ba ce a wajenmu, domin 'ya'yan mutane ne a cikin jiragen nan.

Wai halittu ne daga wata duniya?

Babu hujjar haka. Sojan saman Amurka sun tara rahotanni 12,618 kafin su rufe bincikensu a 1969, kuma 701 ne kawai suka rage ba a gane ba. Kwamitin da NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, ta kafa ya ce a Satumban 2023 bai ga shaidar baƙi daga wata duniya ba. In aka bi diddigi, yawanci balan-balan ɗin auna yanayi ne, ko jirgi mara matuƙi, ko tsuntsaye, ko jerin taurarin ɗan Adam na Starlink, ko ma Zara matar wata.

To in haka ne, me ya kawo damuwa?

Gudu ne. Jirgin fasinja yana cin kusan kilomita 850 a awa, wato wajen mita 240 kowace daƙiƙa. In matuƙi ya hango abu a tazarar kilomita biyu, kafin daƙiƙa goma ya iske shi. A ɗan wannan lokacin ne zai gane mene ne, ina ya dosa, ya kuma yanke shawarar kaucewa ko barinsa.

Akwai na'urar da ke gargaɗin matuƙi kada ya yi karo da wani jirgi, amma ba ta ganin kowa sai jirgin da ke ɗauke da na'urar da ke amsa mata. Balan-balan da ƙaramin jirgi mara matuƙi galibi ba su da ita, sai dai ido. Rahoton da ofishin leƙen asirin Amurka ya fitar a Yunin 2021 ya duba lamura 144 na ganin baƙin abubuwa a sama, guda ɗaya tak aka tabbatar da ko mene ne, wani babban balan-balan da ke sacewa. A 11 daga ciki, matuƙan sun ce saura ƙiris su yi karo.

An taɓa rasa rai ko jin rauni?

An taɓa. A Janairun 1948, Kyaftin Thomas Mantell, matuƙin jirgin soja, ya bi wani abu mai ƙyalli a samaniyar jihar Kentaki ta Amurka. Ya yi ta hawa alhali ba shi da iskar shaƙa, ya suma, jirgin ya faɗo, ya rasu. Abin da aka fi zato shi ne balan-balan ɗin binciken soja ya bi.

Wanda ya fi taɓa ni shi ne na Janairun 2011. Jirgin Air Canada ya taso daga Toronto zuwa Zurik cikin dare. Mataimakin matuƙi ya farka daga barci, ya ga hasken Zara, ya zaci jirgi ne. Kyaftin ya nuna masa inda ainihin jirgin da ke tahowa yake, wani jirgin soja da ke ƙasa da su da ƙafa 1,000. Da magagin barci sai mataimakin ya ga kamar a kansu yake saukowa, ya danna jirgin ƙasa da ƙarfi. Mutum 16 suka ji rauni. Babu abin da ya taɓa jirgin, ruɗewa kaɗai ta jawo wannan.

A Disamban 2018 kuma, rahotannin ganin jirage marasa matuƙi sun tsayar da filin jirgin Gatwick na Ingila. Tashi da sauka kusan 1,000 suka lalace, fasinjoji wajen 140,000 suka shiga tasku, kuma ba a gano mai laifin ba.

Me ya sa wasu matuƙan ke yin shiru?

Tsoron dariya, da tsoron a ce kan mutum ya taɓu. Lasisin matuƙi yana rataye ne da takardar likita, don haka ba kowa zai yarda ya ce ya ga abin da ya kasa fassarawa ba. A ganina nan ne babbar ɓarna take. Wanda ya gani ya haɗiye, ya bar jirgin da ke bayansa ya shiga wurin a makance. Shi ya sa sojan ruwan Amurka suka tsara wa matuƙansu hanyar kai rahoto a 2019, aka kuma buɗe ofishi na musamman mai binciken irin waɗannan rahotanni a 2022. Ina fata kowane malami zai riƙa gaya wa ɗalibinsa tun ranar farko: in ka ga abu, faɗa wa hasumiyar filin jirgi nan take, ko da daga baya an gano leda ce iska ta ɗauka.

Mu mutanen gari ina ruwanmu?

Da ruwanmu. Jiragen koyo ƙasa-ƙasa suke tashi, wani lokaci ɗalibi shi kaɗai ne a ciki, ga hazon hunturu, ga shirwa da ke shawagi bisa bola. Sai kuma mai ɗaukar bidiyon biki ya ƙara masa da jirgi mara matuƙi kusa da filin jirgi. Tashin irin wannan na'ura yana buƙatar izinin NCAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya. Haka fitilar leza da yara ke wasa da ita: in ta haska gilashin jirgi da dare, tana kashe wa matuƙi ido daidai lokacin da yake shirin sauka. Iyaye, don Allah a sa ido a kai.

In na ga wani abu da kaina fa?

Riƙe lokaci da ɓangaren da ya fito da inda ya nufa. In za ka ɗauki bidiyo, bar bishiya ko hasumiyar masallaci ta fito a ciki, don mai bincike ya iya kimanta tsayi da nisa. In kusa da filin jirgi ne, sanar da jami'an tsaron wurin kafin ka ɗora a intanet.