Cutar da Ke Yawo Tsakanin Gadaje, da Manhajar da Ke Gano Ta da Wuri

Cikin majinyata 100 da aka kwantar a asibiti, 7 a ƙasashe masu arziki, 15 a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi, sukan ɗauki wata cutar da ba su zo da ita ba. Haka rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 ya nuna, kuma kusan ɗaya cikin goma na waɗanda suka kamu ba ya tashi.

Abin da ke ci mana tuwo a ƙwarya, mu masu aikin hana yaɗuwar cuta, shi ne ɓarkewa a ɓoye take farawa. Yau gwajin jinin wani bakwaini ya nuna ƙwayar cutar da ake kira Klebsiella. Bayan 'yan kwanaki ta fito a fitsarin wani dattijo da ke ɗakin tiyata, sannan a majinar wata baiwar Allah da ke kan na'urar numfashi. Kowane likita majinyacinsa yake gani, kowace takarda tana cikin fayil ɗinta. Kafin wani ya jera su wuri guda ya ce anya, cutar ta yi nisa.

Wannan jerawar ce kwamfuta ta fi mu iyawa. Manhajar WHONET, wadda ake bayarwa kyauta, tana tattara sakamakon ɗakin gwaje-gwaje. Idan aka haɗa ta da wata manhajar lissafi mai suna SaTScan, kullum sai ta auna abin da ya fito yau da abin da asibitin ya saba gani: wace ƙwayar cuta ce, a wane ɗaki, waɗanne magunguna take bijire wa. Da zarar adadin ya wuce na al'ada, sai ta aika da gargaɗi. Ba ta gajiya, kuma ba ta tsaya ga sanannun ƙwayoyin cuta masu bijire wa magani irin MRSA kaɗai ba.

An jarraba ta a asibitoci 82 a Amurka, aka fitar da sakamakon a 2024. Kafin annobar Korona, yawan waɗanda ke kamuwa bayan an gano ɓarkewa ya ragu da kashi 64 cikin ɗari. Da aka haɗa da lissafin lokacin annobar, lokacin da aiki ya sha kan ma'aikata, bambancin bai fito ba. Wannan ya tsaya mini a rai ƙwarai. Gargaɗi ya iso, amma babu mai sararin tashi ya duba.

Don haka 'yan uwana ma'aikata, nauyin yana wuyanmu. A ɗauki jini ko fitsari a tura gwaji kafin a fara maganin kashe ƙwayoyin cuta. A cike takardar gwajin da sunan ɗaki da ranar kwanciya, domin abin da ba a rubuta ba manhaja ba ta san da shi ba. In gargaɗi ya zo, a je da ƙafa: a leƙa magudanar wurin wanke hannu, a duba robar fitsarin da ta daɗe a jiki, da kwalbar allurar da ake zuƙa wa mutane da yawa. Wani gargaɗin zai zama ba komai, to, a rubuta haka a rufe.

Ku kuma masu jinya, idan aka ware ɗan uwanku a ɗaki shi kaɗai, ba ƙyama ba ce. Ku wanke hannu da sabulu kafin ku taɓa shi da bayan kun taɓa, kuma ku faɗa wa nas idan an kwantar da shi a wani asibiti kwanan nan.